Ranar da na nemi a biya ni trunk ɗina

Kun dai san motar nan da na sayo ta Kwatano, 'yar Amurka. Ranar da ta iso na hango soket a jikin but, an rubuta 120V 150W. Ban tsaya karatu ba, na zarce majalisa na yi shela: daga yau a motata za a riƙa dafa shayi, ko da wuta ko babu.

Aka ɗauko ketil. Filoginmu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, ramukan soket ɗin kuwa sirara, sai da aka aiki yaro sayo adafta. Na tada mota, na jona. Ɗif! Daga baya mai rewaya ya ce ketil ɗin wat 2000 yake ci, a kan bolt 230, wai na ɗora wa akuya kayan raƙumi.

Don kada girma ya faɗi, na kira ƙanina na Texas, na sa a sifika kowa ya ji. Ya ce, "Yaya, duba cikin trunk ɗin. In ba ka ga komai ba, ɗaga hood ka duba fiyus."

Ni ɗan makarantar kwana ne. A wurina trunk akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo, da sunanka a jiki da fenti. Na leƙa ƙarƙashin kujeru, na ɗaga safaya, babu. Nan take na kira dillali, har yanzu a sifika.

"Alhaji, ina trunk ɗina?"

"Wane trunk?"

"Wanda ya zo da motar! An cire a hanya, kuma wallahi sai an biya ni!"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu a ina kake tsaye?"

Na ce, "A bayan mota, na jingina da but."

Ya ce, "To, riƙe shi da kyau."

Amma wanda ban yafe wa ba Hedimasta ne. Bawan Allahn nan ya tsufa yana koyar da Turanci, ya san komai tun kalmar farko, ya zauna yana ɓare gyaɗa har na gama rantsuwa. Sai da dariya ta lafa ya gyara tabarau: "Ɗana, but da bonet da fetur daga Turawan Ingila muka gada. Na Amurka trunk da hood da gas suke cewa. In ka ga gas a littafin motar, don Allah kada ka zuba mata gas ɗinmu na tirela." Shi ne fa mutumin da ya ari famfon tayata tun Sallar bara.

A kan gawayi aka dafa shayin. Yaron adafta kuma har yau bai kawo canji ba.