Wai Sun Ba Su Jirgin Ƙasa!

Jiya da daddare a teburin mai shayi, wani bawan Allah mai digiri har biyu ya dire kofi ya ce Indiyawa butulu ne, Turawan Ingila sun shimfiɗa musu layin dogo amma har yau ƙorafi suke yi. Na haɗiye maganata don kada a ce na ɓata majalisa. Abin ya hana ni barci, don haka ga amsarka Malam, ka san kanka.

Wai jirgin ƙasa! Ɓarawo ya fasa maka katanga don ya ji daɗin fitar da buhunan hatsinka, kai kuma ka bi shi da godiya wai ya yi maka ƙofa?

Ƙofar ma da kuɗin mai gida aka yi ta. Kamfanonin Ingila da suka gina layin, gwamnati ta lamunce musu ribar kashi 5 cikin ɗari duk shekara, ko jirgi ya cika ko ya tafi wayam. In aka samu giɓi, daga harajin talakan Indiya ake cikewa. Ƙarafan dogo da kawunan jiragen kuwa akasari daga Ingila ake sayo su. Da jirgin fasinja na farko ya tashi daga Bombay zuwa Thane a 1853, ina manyan layukan suka dosa? Bakin teku. Bombay, Calcutta, Madras. Auduga ta fita da araha, yadin Manchester ya shigo, soja ya isa duk inda aka ɗaga kai. Wannan ita ce kyautar.

To jirgin ya ciyar da wa? A yunwar 1876 zuwa 1878 miliyoyin mutane suka mutu, yawanci a kudancin ƙasar, alhali ana ta lodin alkama zuwa Ingila. A tsakiyar wannan bala'i, Janairun 1877, Lytton, gwamnan Ingila a Indiya, ya shirya gagarumin biki a Delhi don shelar Sarauniya Victoria a matsayin mai sarautar Indiya. Jirgi yana nan. A 1943 yunwar Bengal, a gabashin Indiya, ta ci kusan mutum miliyan 3, mutane suna faɗuwa a titunan Calcutta, gwamnatin Churchill tana jan ƙafa kan aiko da abinci. Jirgi yana nan, yana jigilar kayan yaƙi.

Na san abin da za ku ce. Turawa sun hana ƙona mace da gawar mijinta a 1829. Haka ne, kuma Ram Mohan Roy da ya shekara da shekaru yana yaƙar al'adar ɗan Bengal ne. Sarakunan Mughal da suka mulki Indiya kafin Turawa ma sun yi zalunci? Sun yi, amma abin da suka tatsa a cikin ƙasar suka kashe shi. Masu kawo mini Rishi Sunak kuwa, wai ɗan asalin Indiya ya taɓa zama Firaministan Birtaniya, don Allah ku huta, ban da lokacinku.

Wallahi ban da wasa yanzu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 1947. Aka ɗauko wani lauya, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba, aka ba shi kimanin mako 5 ya ja layi tsakanin Indiya da Pakistan. Mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajen kakanninsu. Jiragen nan da kake yabo, Malam, su ne suka riƙa isa tashoshin Lahore da Amritsar shaƙe da gawawwaki. Musulmi, Hindu, Sikh, ba wanda ya tsira. Ka je ka ce wa jikan wanda aka sauke daga wannan taragon ya yi godiya.

Af, kun san Lugard ɗinmu a Madras aka haife shi a 1858, kuma a Indiya ya yi wani ɓangare na aikin sojansa? Dogo ya iso Kano a 1911, su auduga suke hari, sai gyaɗa ta yi musu ba-zata. Kakata har ta rasu tana ba mu labarin dalar gyaɗa.

Shi kuma mai shayin nan ya sake ƙara kuɗin kofi, madarar kuma sai dai ka ji labarinta. Gobe da shi zan yi.