Jojiya ta kori masu karɓar na goro, ta haɗa har da masu duba lafiyar wuraren aiki

Masu cewa gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa arziki zai zo da ƙafarsa, ba su da misalin da ya wuce Jojiya, ƙasar nan mai mutum kusan miliyan 3.7 da ta ɓalle daga Tarayyar Sobiyet a 1991. To a kawo ta, amma a kawo labarin duka.

Da Mikheil Saakashvili ya hau mulki a 2004, sai ya sallami dubban 'yan sandan kan hanya a lokaci guda, aka ɗauki sababbi da albashi mai kauri. Direban da ya saba naɗe 'yan kuɗi cikin lasisi kafin ya miƙa ta taga, ya wayi gari babu mai miƙo masa hannu. Wanda ya taɓa rako kaya a doguwar hanya mai shingaye ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haraji iri sama da 20 aka zaftare saura 7, harajin albashi ya koma kashi 12 cikin ɗari ga kowa a 2005. Daga baya Bankin Duniya ya sa ƙasar cikin goman farko wajen sauƙin kasuwanci. Nan kam babu ja, talaka ma ya sha iska.

Inda nake rabuwa da masu cewa gwamnati ta cire hannunta shi ne 2006. A shekarar aka soke hukumar da ke duba lafiyar wuraren aiki, wai ita ma kafar cin hanci ce, aka kuma kawo dokar da ta ba mai kamfani damar korar ma'aikaci ba tare da ya faɗi dalili ba. Mai jari ya sami 'yanci, shi kuwa mai haƙar kwal a garin Tkibuli fa? A 2018 kaɗai, haɗurra biyu sun ci ran mutum 10 a ramin garin. Wa zai kai wa kuka, alhali ya san bakinsa na iya raba shi da abincinsa?

Jami'in da ke karɓar na goro gyara shi ake yi, kamar yadda aka yi wa 'yan sanda, ba a rufe ofishin kowa ya tafi gida ba. Su kansu 'yan Jojiya sun kayar da jam'iyyar Saakashvili a zaɓen 2012 (bidiyon azabtar da fursunoni ma ya taimaka), sabuwar gwamnati ta kawo shirin kula da lafiya na kowa da kowa a 2013. Hukumar duba wuraren aiki kuwa sai a 2021 ta dawo da cikakken iko, bayan shekara 15.