Waƙar Dalida da Alain Delon ta daɗe ne saboda macen ta ƙi yarda

Lokacin da ɗan wasan fim na Faransa Alain Delon ya rasu a gidansa na Douchy a ranar 18 ga Agustan 2024, yana da shekara 88, kafofin yaɗa labaran Faransa sun yi ta tuna fina-finan da suka fito da shi duniya, amma cikin abubuwan da aka sake saka wa masu sauraro har da wata waƙa ta shekarar 1973 wadda bai rera ko baiti ɗaya a cikinta ba. Sunanta "Paroles, paroles", wato "Kalamai, kalamai" da Faransanci, kuma mawaƙiya Dalida ce ke rera ta, shi kuwa Delon magana kawai yake yi da murya ƙasa-ƙasa tun daga farko har ƙarshe. A ganina sirrin daɗewar waƙar yana cikin wannan rabon aiki, wanda ya bai wa mace amo da kiɗa, ya bar namiji da fatar baki.

Ba a Faransa aka haifi waƙar ba. A Italiya ta fara fitowa a 1972, inda mawaƙiya Mina da ɗan wasan kwaikwayo Alberto Lupo suka yi ta domin wani shirin talabijin na gidan RAI mai suna Teatro 10. Gianni Ferrio ne ya tsara kiɗan, Leo Chiosso da Giancarlo Del Re suka rubuta baitocin. Wata marubuciyar waƙoƙi da ake kira Michaële ce ta mayar da ita Faransanci, aka fitar da faifan a farkon 1973. Ba abin mamaki ba ne da Dalida ta ɗauko waƙa daga Italiya, domin ita kanta 'yar asalin can ce: an haife ta a unguwar Shubra ta birnin Alƙahira a 1933, iyayenta Italiyawa ne mazauna Masar, kuma sunanta na yanka Iolanda Gigliotti. Ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Masar a 1954, a ƙarshen shekarar ta tafi Paris neman sa'a, inda ta san Delon tun dukansu biyu ba su zama kowa ba, suna maƙwabtaka a wani masauki da ke titin Jean-Mermoz.

Wanda ya natsu ya saurari waƙar zai lura cewa mutanen nan biyu ba hira suke yi ba, kowa nasa yake faɗa. Namijin yana zuba kalaman ƙauna iri-iri, yana cewa ji yake kamar yau ya fara ganinta, yana kamanta ta da iskar da ke ɗauke da ƙamshin furanni, yana roƙo a saurare shi, yana rantsuwa. Ita kuwa tana ba shi amsa cikin natsuwa, ba ihu ba kuka, cewa ta gode amma ya kai alawarsa da cakuletinsa ga wata wadda irin wannan zance ke burgewa, ita ta ƙoshi. Har ƙarshen waƙar bai daina yabon kyawunta ba, ita ma ba ta sauya ra'ayi ba, kuma a haka aka rabu ba tare da sulhu ba. Yawancin waƙoƙin soyayya da mace da namiji ke yi tare, a kowane harshe, suna ƙarewa ne da muryoyin biyu sun haɗu a kan amshi ɗaya. A nan muryoyin ba su taɓa haɗuwa ba, kuma amshin da mai sauraro zai tashi da shi a bakinsa na macen ne, wato duk wanda ya bi waƙar ya shiga ɓangarenta ko ya sani ko bai sani ba.

Zaɓen Delon ya ƙara wa wannan dabara ƙarfi. A wancan lokaci shi ne fuskar da Turai da Japan suka sani a matsayin namijin da mata ba sa iya juya wa baya, tun daga fim ɗin Plein Soleil na 1960 har zuwa Le Samouraï na 1967. Da wani mutum ne da ba a sani ba ya yi wannan roƙo aka ƙi shi, da ba wanda zai ce komai. Amma a ce Delon ne da kansa ke lallashi ana yi masa kunnen uwar shegu, wannan ya sa ƙin yardar macen ya yi nauyi. Shaharar da yake da ita a Japan ta kuma taimaka wa faifan ya karɓu a can, duk da cewa masu saye ba Faransanci suke ji ba, domin ko ba a fahimci kalma ɗaya ba, kunne na iya bambanta muryar mai lallashi da ta wadda ta gaji da gafara sa ba ta ga ƙaho ba.

Ya kamata kuma a tuna da zamanin da waƙar ta fito. Sai a 1965 dokar Faransa ta bai wa matar aure damar buɗe asusun banki ko kama aiki ba tare da izinin mijinta ba, a 1970 aka raba ikon kula da 'ya'ya tsakanin uwa da uba, sannan a 1975 aka halatta rabuwar aure bisa yardar juna. Ba ina cewa Dalida ta yi waƙar gwagwarmaya ba ne, don ba ta ɗauki tuta ba kuma baitocin ba su ambaci doka ko siyasa ba. Abin da nake cewa shi ne, ta fito a daidai lokacin da mata da yawa a ƙasar ke auna abin da aka yi musu alƙawari da abin da suka gani a ƙasa, sai ga muryar da ta faɗi hakan cikin ladabi a rediyo, a gaban mazansu.

Akwai masu kallon waƙar ta fuskar baƙin cikin rayuwar Dalida, kuma ban yarda da su ba. Gaskiya ne ta ga jarrabawa: masoyinta mawaƙi Luigi Tenco ya mutu a garin Sanremo na Italiya a 1967, tsohon mijinta Lucien Morisse ya kashe kansa a 1970, ita ma ta ɗauki ranta a gidanta na unguwar Montmartre da ke Paris a watan Mayun 1987. Amma ɗora wannan tarihi a kan duk abin da ta rera rashin adalci ne ga ƙwarewarta. Matar da ke cikin wannan waƙa ba karyayyiya ba ce, tana da sauran dariya a muryarta, kuma ita ke riƙe da ragamar zancen. Mawaƙiyar da ta yi wannan ita ce ta koma harshen Larabcin Masar a 1977 ta yi "Salma ya salama", ta kuma yi "Helwa ya baladi" a 1979, waƙoƙin da har yau ake ji a ƙasashen Larabawa, kuma wannan aikin mai neman sabuwar hanya ne.

Daga baya sunan waƙar ya fita daga fagen soyayya ya shiga bakin jama'a, har 'yan jarida da masu adawa a Faransa kan jefi ɗan siyasar da ya cika romon baka da shi, kowa kuma ya gane abin da ake nufi ba sai an yi bayani ba. An sake rera ta a harsuna da dama, Delon ma ya maimaita nasa ɓangaren tare da mawaƙiya Céline Dion a talabijin a 1996. Abin da bai yi mini daɗi ba a wannan shahara shi ne yadda ta danne asalin, ta yadda da yawa daga masu ƙaunar waƙar a wajen Italiya ke zaton a Paris aka ƙirƙire ta. Dabarar nan ta barin mace ta rera namiji ya yi magana, wadda a kanta komai ya dogara, Ferrio da Chiosso da Del Re ne suka tsara ta, Mina da Lupo suka fara gwada ta a gaban jama'a shekara guda kafin Dalida ta ɗauka, kuma ya dace masu gabatar da shirye-shirye su riƙa ambaton sunayensu idan sun saka faifan.