Rahoto ya yi kore shar, Binuwai kuwa yashi na cinye shi

Shekara ta zagayo an sake karanto mana rahoton nan, kun ji shi a radiyo kamar yadda na ji. Wai masu kula da kwarin kogin Binuwai a arewacin Kamaru sun dasa itatuwa dubu kaza, sun yi atiliye, wato taron bita, kaza, sun wayar da kan manoma kaza, aka tafa aka sha lemo aka raba fardiyam, wato kuɗin halartar taro, kowa ya shiga motar kat-kat ɗinsa ya kama gabansa. Bara ma haka aka ce, bara waccan ma haka, wallahi da a ce duk itacen da aka ƙirga mana a takarda yana tsaye da yanzu daga Garwa zuwa Lagdo a inuwa mutum zai je ya dawo.

Ni ba dashen nake ƙi ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne ranar da ake yin ƙirgen. Ana ƙirga itace ne ranar da aka sa shi a rami, galibi cikin Yuni lokacin bikin yaƙi da hamada, ƙasa a jiƙe, kyamara na kallo. Wa ke komawa a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura 40, akuya ba ta da abin ci sai abin da ta gani kore? Na taɓa halartar irin wannan dashen a bakin wani mayo, wato rafi, kusa da ƙauyen goggona, har da ni a masu riƙe shebur ana ɗaukar hoto. Da na koma da bazara abin da na tarar ramuka ne a jere da guntayen baƙar leda, sai allon furojen, wato shirin dashen, yana nan tsaye ƙyam, fentinsa ko dusashewa bai yi ba. Na tambayi goggo wa aka bar wa ban ruwa, ta ce yo ɗan nan ai ba su ce na kowa ba ne, mu ma muna jira su dawo su ba kayansu ruwa.

To ga darbejiyar Marwa nan, me ya sa ita ta rayu har ta rufe tituna? Don yawancinta a ƙofar gidan wani take, yana da rabon inuwa a ciki. Abin da ba na kowa ba kuwa na akuya ne.

Kuma maganar ba ta inuwa ba ce kawai, maganar yashi ce. Duk gangaren da aka sare aka yi gawayi, duk gonar auduga ko masara da aka tura har bakin gaɓa, ruwan sama na farko zai kankare ƙasar ya zuba a mayo, mayo ya kai wa Binuwai, na sama da baraj, wato madatsar ruwa, kuma ya je ya kwanta a gindin tafkin Lagdo. Wannan baraj da Sinawa suka gina daga 1977 zuwa 1982, mai injuna huɗu da megawat 72, shi ne aka ɗora wa wutar jihohin arewa uku. Tukunyar da laka ta cinye gindinta ai ba za ta ɗauki ruwan da ta saba ba, da damina ta cika da wuri a buɗe ƙofofi a guje, da rani ruwa ya ja baya mu kwana a duhu ana ce mana delestaj ne, wato rabon wuta. Tsofaffi suna ba da labarin lokacin da jiragen ruwa ke tahowa daga Najeriya da damina su yi lodin auduga da gyaɗa a tashar Garwa, yau je ka tsaya kan gada da rani ka gani, masu haƙar yashi ne a tsakiyar kogi da motocinsu. Ina wannan a cikin rahoto? Shafi nawa aka ba yashi?

Za su ce canjin yanayi ne. E mun ji, amma canjin yanayi bai taɓa riƙe gatari ba. 'Yan'uwanmu na Najeriya su kuma tun ambaliyar 2012 bakinsu ɗaya, Lagdo Lagdo, sun manta dam ɗin Dasin Hausa da ya kamata ya tare ruwan a wajensu har yau bai tashi ba. Masu cewa a kawo injin yashe kogi kuwa, sai su fara gaya mana wa zai hana yashin dawowa damina mai zuwa, ko kuwa kwangilar ce ke musu ƙamshi.

Abin haushin, ba rashin hukuma ke damunmu ba. Binuwai shi ne babban reshen kogin Neja, akwai hukumar ƙasashe tara mai hedikwata a Yamai tun 1980, Kamaru da Chadi duk suna ciki, ga ma'aikatu, ga furoje-furoje, ga masu ba da tallafi, kowa da tambarinsa a jikin mota. Yawa ya yi yawa har ba ka san wanda za ka riƙe wa riga ba in gaɓa ta zabtare da gonar mutum. Kuma kowannensu shi ke ba kansa maki a ƙarshen shekara, ɗalibi shi ne malami shi ne mai duba jarrabawa, to wa zai faɗi?

Kar kuma a ɗora wa mai gawayi laifin duka. Matar da ke girki a Garwa in gas ya fi ƙarfinta ko ya ɓace a kasuwa da me za ta dafa tuwo, da rahoto?

Ni buƙatata ba ta da yawa. A daina ƙirgen Yuni, a ƙirga a Afrilu bayan rani biyu, kuma wanda bai ci kuɗin dashen ba shi zai ƙirga. A damƙa kowane yanki na gaɓa a hannun lamido da jauro, wato mai gari, da masu gonakin wurin, a biya su kan abin da ya rayu. A auna lakar Lagdo a faɗa mana a radiyo da Fulatanci da Hausa, yadda ake faɗa mana farashin auduga. In suna son shaida su zo in kai su ƙauyen goggo, allonsu yana nan, har yara sun fara shanya kaya a kai.