"Ƙwaƙwalwata ce ta sa ni": sabon uzuri da rigar kimiyya

Duk wanda ya taɓa zama wurin sulhu a gaban mai unguwa ya san amsar da mai laifi ke bayarwa idan aka tsare shi da tambaya: sharrin Shaiɗan ne, ko kuma ƙaddara ce. To, yanzu an samu uzuri na uku, kuma shi da rigar kimiyya ya zo. Wai masana sun gano ƙwaƙwalwa kan gama yanke shawara tun kafin mai ita ya sani, saboda haka zaɓin da muke tinƙaho da shi ruɗu ne kawai. Ni a ganina an ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa.

Asalin maganar wani gwaji ne da Benjamin Libet na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ya wallafa a 1983. Ya manna wa mutane wayoyin auna lantarkin ƙwaƙwalwa a fatar kai, ya ce kowa ya motsa yatsa ko wuyan hannu duk sa'ad da ya ga dama, yana kallon wani agogo mai ɗigon haske da ke zagayawa, daga baya ya faɗi inda ɗigon yake lokacin da niyyar ta zo masa. Akwai wata sigina da wasu Jamusawa biyu, Kornhuber da Deecke, suka bayyana tun 1965, wadda kan hau kafin mutum ya motsa da gangan. Libet ya ga siginar na farawa kusan milisakan 550 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan) kafin motsin, alhali mutum bai jin niyyar sai saura milisakan 200. A wannan 'yar tazara ta sulusin sakan aka gina dukan hayaniyar.

A 2008 kuma John-Dylan Haynes da abokan aikinsa a Jamus suka yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce suna iya hango ko maɓallin dama mutum zai danna ko na hagu, tun da saura sakan bakwai zuwa goma. Jaridu suka ɗauka. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, hasashen na dacewa ne sau 60 cikin 100, kuma wanda ya rufe ido ya yi canke zai dace sau 50.

Amma babbar matsalar ita ce irin abin da aka auna. Motsa yatsa ba dalili, ba riba ba asara, daidai yake da mutum ya tsaya gaban mudu biyu na gero iri ɗaya, farashi ɗaya, hannunsa ya kai kan ɗaya. Ina haɗinsa da yarinyar da ta shafe wata uku tana juya maganar aure a ranta, tana shawara da gwaggonta, tana istihara? Aaron Schurger da abokan aikinsa sun nuna a 2012 cewa lantarkin ƙwaƙwalwa kullum cikin hawa da sauka yake, kuma idan babu dalilin fifita wani lokaci a kan wani, motsin kan zo ne sa'ad da wannan kai-komo ya tsallake wani mizani. Masu gwaji kuwa lokutan da aka motsa kaɗai suke tattarawa, su duba abin da ya gabace su. Wanda ya riƙa duba ranakun da aka yi ruwa kaɗai, dole ya ga hadari ya haɗu kafin kowanne, sai ya manta sau nawa hadarin ya haɗu iska ta watsa shi. A 2019 Uri Maoz ya gwada zaɓi mai nauyi: ya sa mutane su zaɓi wace ƙungiya cikin biyu za a bai wa gudummawar dala 1,000. A irin wannan zaɓi na tunani, siginar da ake ta magana a kai ta kusa ɓacewa. Shi kansa Libet, a tuna, bai ce babu zaɓi ba. Ya tafi a kan cewa mutum na da damar taka birki a ɗan lokacin da ya rage.

Hujjar masu cewa babu zaɓi da ta fi ƙarfi tana wajen Robert Sapolsky na Jami'ar Stanford, wanda a littafinsa na 2023 ya ce duk abin da ka aikata 'ya'yan abin da ya gabata ne: sinadaran jikinka na safiyar nan, yarintarka, abin da mahaifiyarka ta ci tana ɗauke da cikinka, gadonka, al'adar da ka tashi a ciki. Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai sharaɗin da ya gindaya wa 'yanci, wato zaɓin da ba shi da sanadi ko kaɗan, babu mai hankalin da ke nemansa. Idan tarbiyyar da na samu ce ta hana ni cin amana, ai ni ne dai na ƙi ci. Ƙwaƙwalwata ba wani baƙo ba ne da ya yi haya a kaina. Malaman tauhidi sun sha wannan muhawara tun zamanin Jabariyya (masu cewa an tilasta mutum ne a kan aikinsa) da Ƙadariyya (masu cewa mutum ne ke ƙirƙirar aikinsa), har Ash'ari ya zo da maganar kasabi (Allah ne ke halitta aiki, mutum kuma ke ɗaukar alhakinsa da niyyarsa), kuma ba su jira na'ura ba kafin su rarrabe hannun da ke karkarwa da hannun da aka ɗaga da niyya.

Inda kimiyyar ke da amfani na gaske shi ne wajen nuna cewa birkin nan nama ne, yana iya lalacewa. Shari'a ta daɗe da sanin haka, tunda an ɗauke alƙalami daga mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Abin da likitoci suka ƙara shi ne gushewar na iya zuwa ta fuskar da ba wanda zai kira ta hauka. A 2003 wasu likitoci biyu a Jami'ar Virginia suka ba da rahoton wani malamin makaranta ɗan shekara 40 da ya soma neman ƙananan yara, abin da ba a taɓa saninsa da shi ba. Ya san haramun ne, yana ɓoyewa, amma ya kasa dainawa. Kotu ta same shi da laifi. Daren da za a wayi gari a yanke masa hukuncin ɗauri, ciwon kai ya kai shi asibiti, hoto ya nuna ƙari a gaban ƙwaƙwalwarsa, daidai saman kwarmin idon dama. Aka cire, halin ya tafi. Bayan watanni halin ya dawo, aka sake dubawa, ashe ƙarin ne ya sake tsirowa. Aka sake cirewa, ya sake tafiya. Da ciwon kan nan ya jinkirta da kwana ɗaya, da a kurkuku zai same shi.