Rawar "bush dance" ta Ostiraliya ba rawar 'yan asalin ƙasar ba ce

Mutane da yawa in sun ji "bush dance" sai su ɗauka ai rawar Aborijin ce, wato 'yan asalin Ostiraliya masu busa didjeridu, wani dogon abin busa na itace. A'a wallahi, ba ita ba ce, tasu daban take kuma tana da nata mutunci da ƙa'idoji. Wannan Turawan da suka zo daga Ingila da Ayalan da Sikotlan ne suka taho da ita, suna yinta a ƙauyuka har a rumfunan da ake askin tumaki, shi ya sa sunan "bush", wato daji, ya bi ta.

Wani kuskuren kuma shi ne wai sai ka iya rawa ko ka zo da abokin rawa kafin ka shiga ƙungiya. Ko kaɗan. Akwai mutum guda da aikinsa kenan, ya fara koya wa kowa takun a hankali sannan in kiɗa ya tashi yana kiran abin da za a yi da babbar murya, ku yi layi biyu, ku zagaya, ku canja abokin rawa, to ko ka ɓata ma na kusa da kai zai jawo ka ka dawo hanya, yara da tsofaffi duk a fili ɗaya.

Abin da ya fi burge ni makaɗan ne, ba kaset ake sakawa ba. Akwai goge irin na Turawa da akodiyon, wanda ake ja ana matsewa da hannu biyu, sai lagafon, sanda ce kawai da aka kafa wa marafen kwalba tana kacau-kacau. Ƙungiyar Bush Music Club ta birnin Sidni tun 1954 take raya wannan kiɗa.