Daren da sikelina ya gaza

Shekara 34 ke nan ina bin kifin kaf, wani babban kifin tafki da kogi da Turawa ke kira carp, kuma uwargidana ta daɗe da yanke hukunci cewa kifin ya fi sanin halina fiye da yadda na san nasa. Ban taɓa yi mata musu ba, domin shekaru goma na farko na kwashe su ne ina ciyar da kifaye dafaffiyar masara kyauta, ina zaton kamun kifi nake yi.

Sai daga baya na gane dalili. Kaf ba shi da haƙora a baki, nasa suna can cikin maƙogwaro, saboda haka ba ya cizon koto. Zuƙo shi yake yi daga cikin taɓo, ya ɗanɗana, idan ya ji ƙarfe ya furzar ya yi gaba abinsa. Maganin wannan wayo shi ne dabarar da masu fatsa a Ingila suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1970, wato a rataye koton a wani siririn zare a bar ƙugiyar tsirara, ta yadda idan kifin ya zo furzarwa sai ta kama shi a leɓe. Na kuma gane cewa yana da ji ƙwarai, domin akwai wasu ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iskar cikinsa da kunnensa, ni kuwa Allah ya yi ni mutum mai nauyin ƙafa da yawan tari. Da aka ce kifi na ganinka mai jar koma, ni nawa kifin tun kafin ya gan ni yake jin zuwana.

Na san labarin manya. Wani mai fatsa, Richard Walker, ya kama mai nauyin kusan kilo 20 a tafkin Redmire na Ingila a 1952, har aka kai kifin gidan namun daji na Landan da ransa, a 2018 kuma wani ya ciro mai kilo 51 da ɗoriya a ƙasar Hungari. Nawa mafi girma bai wuce kilo 9 ba, shi ya sa da na tashi sayen sikeli na zaɓi wanda ya tsaya a kilo 10, ina ganin na yi tattali.

Wani lokaci na yi mako uku ina zuba masara a gefen wasu ciyayin ruwa, inda nake ganin ƙananan kumfa suna tasowa da asuba, alamar babba yana tonon taɓo. A daren da na jefa ƙugiya na zauna shiru kamar gunki, na danne tari har idanuna suka kawo ruwa, daga bisani barci ya sace ni ina ƙudundune cikin bargo. Wajen ƙarfe huɗu ƙararrawar da ke jikin sandar fatsata ta kaɗa, na zabura na manta cewa ƙafafuna suna naɗe, na tafi da ka cikin ruwa, amma ban saki sandar ba, kuma wannan ne kaɗai abin da nake alfahari da shi a daren. Muka yi ta ja-in-ja fiye da rabin sa'a, ya ja zare ya nufi ciyayi, ni kuma ina tsaye ruwa iya ƙugu da jiƙaƙƙen bargo a wuya ina lallashinsa kamar mai bin bashi.

Gari na wayewa ya shiga koma. Faɗin bayansa kaɗai ya sa gwiwoyina suka yi sanyi, ga gashin baki huɗu suna motsi kamar na dattijon da aka tasa daga barci. Na rataya shi a sikeli, allurar ta zarce ta bugi kilo 10 ta tsaya cak, ta bar ni da sauran lissafin.

Wani yaro ne ya zo wucewa, na miƙa masa wayata na ce ya ɗauke mu hoto. Ya ce, "Baba, ku ɗan ɗaga shi sama." Ina ɗagawa kifin ya banƙare, ya wanka mini mari da jela, ya sulluɓe ya koma ruwa ba tare da ya jira in sake shi da kaina kamar yadda na yi niyya ba. Hoton ya fito tas: sararin sama, tafin ƙafata ɗaya, da wani abu a gefe da nake rantsuwa jela ce, abokaina kuma suka ce bargo ne.

Da na ce musu ya kai kilo 18, sai suka tuna mini cewa mai kilo 9 ɗin ma a bakina ya girma zuwa 14. A makon nan na sayi sabon sikeli mai ɗaukar kilo 50. Shekara shida ke nan ina yawo da shi, kuma mafi girman abin da na rataya masa bai kai kilo 3 ba, sai na sa tabarau kafin in ga ko allurar ta motsa.